Sawun Ƙafa a Ofishin Barista Mahmudu

Ranar Asabar da hantsi, labari ya bi layin gidan Barista Mahmudu a Nassarawa GRA cewa an fasa tsohon ofishinsa na lauya da ke bayan gida. Kafin labarin ya kai teburin mai shayi na bakin kwana, abin da aka sata ya zama takardun sirri na majalisa. Kafin ya kai layin baya, takardun sun zama waɗanda za su iya ɗaure mutum uku. Babu wanda ya taɓa ganin takardun, amma kowa ya san abokan hamayya ne suka aiko, kuma kowa ya san da hannun na cikin gida, domin Bashir maigadi ya rantse cewa tun asuba babu wanda ya fita ko da tsinke.

Na cikin gidan da aka zaɓa shi ne Falalu, mai kula da fulawa. An ga sawun takalminsa na ruwa a bakin ƙofar da aka fasa. Al-Amin, mataimaki na musamman ga Honarabul, wato Barista, shi ya riƙo masa wuyan riga tun daga bayan gida har bakin get, a gaban direbobi da masu gadin layin, yana kiransa ɓarawo, sannan ya tura shi ɗakin maigadi ya sa kwaɗo. Ya ce da an idar da azahar 'yan sanda za su zo su tafi da shi.

Habibu yana gadi a gida na uku daga na Barista. Shekara ashirin da biyu ya yi yana bin sawun shanun sata a ƙasar Jigawa, har gwiwa ta ce masa ita ta gama nata, ya shigo birni neman aikin zama. Sai Allah ya kawo shi unguwar da aka shafe ƙasa da siminti tun daga ƙofar ɗaki har bakin kwata. A shekara shida bincike ɗaya ya yi, na talotalon wani Alhaji, wanda daga baya aka gano Alhajin ne ya kyautar da shi ya manta. Har yanzu in an kira shi Habibu Mai Sawu yakan waiwaya ya ga ko da wani ake.

Amma Falalu ɗan garinsu ne, kuma Habibun ne ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki. In aka saka shi a motar 'yan sanda, ko da za a sake shi washegari, labarin zai riga shi isa gida. A garinsu kuwa, wanda aka taɓa kira ɓarawo, jikokinsa ma da sunan ake kwatanta su.

Ya tsaya a tagar ɗakin maigadi. Falalu na zaune a kan tabarma, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka shiga?"

"Kawu, me zan ɗauka a ɗakin takarda? Ni da sunana ma sai an riƙe mini hannu."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Ban shiga ba. Na ba fulawar bakin ƙofar ruwa bayan asuba, ƙofa tana kulle, na wuce."

"To zauna."

"Da ina za ni?"

* * *

Barista Mahmudu yana falo cikin jallabiya, ga shayi ya huce a gabansa. Habibu ya san tarihinsa kamar yadda duk wanda ya taɓa zama a bencin layin ya sani. Ɗan masinjan kotu ne daga Kaura Goje, ya taso yana ɗaukar wa alƙalai jaka a hutun makaranta, ya yi karatun lauya, ya dawo ya buɗe ofis. Shekara goma sha bakwai yana shari'ar gonaki, har ƙauyuka suka sa masa Lauyan Manoma. Da buhun gero da zabi ake sallamarsa, matarsa ta taɓa cewa gidansu ya fi kama da kasuwar kaji. Manoman nan su suka matsa masa ya tsaya takara, su suka yi layi a rana suka kai shi majalisa har sau biyu. Ya rufe ofis ya ce na ɗan lokaci ne. Shekara takwas ke nan. Wata biyu da suka wuce aka kayar da shi a zaɓen fid da gwani, kuma yau ne ya ce bari ya leƙa ofishin ya ga ko akwai abin da ya rage masa na sana'a, sai ya tarar da ƙofa a wangale.

Habibu ya tsuguna ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, me aka ɗauka?"

Barista ya dube shi, ya dubi shayin. "Malam Habibu, in gaya maka gaskiya? Ban sani ba. Hular lauyata tana nan, rigata tana nan. Fayil ya fi dubu a ɗakin, kuma da za ka ɗebe ɗari ba zan gane ba."

"Takardun kwamiti ne, Yallaɓai," in ji Al-Amin daga bayan kujera. Matashi ne mai takalmi mai tsini da waya biyu. "Su suke nema su ɓata maka suna."

"Na taɓa kai takardar kwamiti ɗakin?"

"Ai shi ya sa abin yake da ɗaure kai, Yallaɓai."

Habibu ya ce, "A ba ni izini in duba ƙasa."

Al-Amin ya yi dariya. "Baba, nan ba rugar Fulani ba ce. Saniya muka ce maka ta ɓata?"

"A'a. Ita saniya ai mai ita ya san kamarta."

Barista ya ɗan murmusa, karo na farko a ranar. "Ka duba zuwa azahar. Ni ban ce a kulle Falalu ba, ka sani."

Habibu ya ce ya sani. Bai ƙara da cewa ba a kuma ji ya ce a buɗe shi ba. Mai gadin gidan wani ba shi da wannan bakin.

* * *

Da ya leƙa ofishin sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi irin na wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Ƙura ce ta shekara takwas kwance a kan tayil, lallausa, ta fi rairayin bakin kogi riƙe sawu. Ya hana kowa matsowa, ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwarsa ta yi ƙarar da har Bashir maigadi ya ce masa sannu.

Kwaɗon yana nan a kulle. Katakon da ke riƙe da shi ne ya ɓalle, kuma da Habibu ya danna shi da yatsa sai ya marmashe. Gara ta cinye cikinsa ta bar fenti.

Takalmin ruwan Falalu ya zo bakin fulawa ya juya, bai taka dandamali ba. Takalmin gidan Barista ya shiga taku uku ya fito. Takalmi mai tsini ya yi ta safa da marwa, wannan na yau ne, na mai neman ɓarawo da ƙafa. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani sawun mai tsinin, tsoho, wanda ƙura ta fara rufewa, ya yi hanya daga ƙofa zuwa doguwar kujera ya dawo, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Sai na ƙarshe. A kan dandamali, daga gefe, inda ba zai tare wa kowa hanya ba, ga shaidar inda aka ajiye takalmin roba guda biyu a jere, kai da kai. Daga nan ƙafa ce tsirara ta shiga, faffaɗa, mai faso a dunduniya, babban yatsan hagu ya karkace waje. Ta tafi a hankali har gaban teburin lauya. A nan yatsun suka nutse, dunduniya ta ɗaga, ga kuma shaidar hannu ɗaya a ƙasa. Mutumin tsugunawa ya yi a gaban kujerar da babu kowa a kanta. Daga nan bai yi lalube ba, bai taɓa durowa ba. Ya nufi kantar da ke ƙarƙashin taga, layin ƙasa. A tsakanin fayil biyu akwai gurbin da babu ƙura, ba mai kusurwa irin ta fayil ba, da wani siririn layi a gefensa kamar na igiya.

Habibu ya daɗe a wurin. Ya bi ɓarayin da suka saka wa shanu tsumma a kofato, ya bi waɗanda suka yi tafiya da baya don su ruɗar da shi. Bai taɓa bin wanda ya cire takalmi ya gaida kujera ba.

* * *

Larai mai girki tana tsince shinkafa a ƙofar kicin. Ta ce ita tun shekaranjiya jikinta ya ba ta, domin ta ga wata baƙar mota ta wuce sau biyu.

"Ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba. Ai rashin tsayawar ne abin tsoro."

"Da safen nan kin ga wani ya bi ta bayan gida?"

"Ni da na sa tukunya ina ganin mutane ne? Masu neman banɗaki suna bi, daga cikin masu zaman benci. Tun da Honarabul ya faɗi ma sun ragu. Da sai in dafa tiya huɗu, yanzu ɗaya ma sai ta kwana." Ta rage murya. "Amma ka tambayi mai waya biyu inda yake ɓacewa kullum in rana ta take."

Habibu ya same shi a gindin tankin ruwa yana latsa waya.

"Ɗana, kana da makullin ofishin nan."

"Wa ya gaya maka?"

"Takalminka. Ya san hanyar doguwar kujera fiye da yadda na san hanyar masallaci."

Al-Amin ya dubi hagu da dama. Duk girman nan na mataimaki na musamman ya sauka daga kafaɗarsa. Ya ce, "Baba, don Allah kar ka kai maganar nan ciki. Mutanen nan ne. Tun asuba suke zuwa, wannan asibiti, wannan aiki, wannan suna. In na ce musu Honarabul yana taro, sai su zauna suna kallona har la'asar. Ina shiga can ne in ɗan miƙe. Wallahi ko takarda ɗaya ban taɓa ɗagawa ba."

"Na sani. Da ka taɓa da ƙura ta faɗa."

Habibu ya so a ce Al-Amin ne ɓarawon. Da ya fi sauƙi, da kuma ya fi daɗi. Amma mai makulli ba ya ture ƙofa, kuma yaron ko a masallaci da safa yake shiga.

Ya koma bakin ofishin. Mai takalmin robar, da ya fito, ya taka gefen jiƙaƙƙiyar ƙasar fulawa. Ɗigon laka ya bi siminti taku tara kafin ya ƙare. Bai nufi katangar baya ba, inda duk mai hankali zai nufa. Gaban gida ya nufa.

Habibu ya je get ya tambayi Bashir, "Ka tabbata babu wanda ya fita?"

"Kawu, ko kaza. Tun da aka ga ɓarnar ma na sa sakata."

A gindin darbejiyar da ke cikin get, mutum goma sha ɗaya ne a kan benci da tabarma, suna jiran ganin Honarabul. Daga masallacin layin aka fara gwada lasifika.

* * *

"Ranka ya daɗe, roƙo ɗaya. A shigo da mutanen benci su gaishe ka. Dukansu, a nan falo. A fito da Falalu shi ma."

Al-Amin ya buɗe baki, Habibu ya dubi takalminsa mai tsini, sai ya rufe bakin.

Barista ya ce, "Rabon da su shigo falon nan..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga hannu a shigo da su.

Habibu ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai gyara wa baƙi takalma. Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya watsar da nasa yadda ya faɗi. Na tara wani dattijo ne siriri, da riga mai ruwan ƙasa da ta sha wanki. Ya cire takalmin robarsa, ya sunkuya ya jera su daga gefe, kai da kai. Babban yatsansa na hagu yana kallon waje.

Da aka gama gaisuwa, Larai na leƙe daga labule, Falalu na rakuɓe a jikin bango, sai Habibu ya matsa kusa da dattijon.

"Baba, sannu da hanya. Fartanya ce ta taɓa yatsan nan?"

"Galma ce, ɗana. Tun ina saurayi."

"Da safen nan ka shiga ɗakin da ke bayan gida?"

"Na shiga mana."

Aka dubi juna. Dattijon ya dubi fuskokin mutane yana neman abin da ya faru.

"Ka ɗauko wani abu?"

"Na ɗauko jakata." Ya sa hannu cikin riga ya jawo wata 'yar jakar fata mai igiya, ya ɗora a kan kafet. Sannan ya juya ga mai gidan. "Lauya, ba ka gane ni ba ko? Nomau ne, na Tudun Maƙera. Ka yi ƙiba."

Barista ya ɗan tashi daga jikin kujera. "Malam Nomau. Mai gonar bakin rafi."

"Ita. Takardar da ubana ya bar mini ce a ciki, mai hatimin dagaci na wancan zamani. Kai ka ce in bar ta a wurinka, a ɗakina gara za ta ci. A gabana ka sa ta a ƙarƙashin taga. Sai muka kai ka majalisa. To bana wasu suka zo suka kafa duwatsu a gonar, wai filotai za a yanka. Alƙali ya ce in kawo takardar asali ranar Litinin, in ba haka ba ya rufe magana. Yau kwanana tara ina zuwa. Yaron nan kullum ya ce kana taro. Na ce to, Allah ya taimaki taro."

Al-Amin ya ce, "Shi ne ka fasa ƙofa?"

"Ban fasa ba, ɗana. Na je na yi sallama sau uku, na ce ko Lauya yana ciki kamar da. Na ɗan jingina in saurara, sai ƙofa ta tafi da ni. Da na ga na riga na shiga, na gaida wurin zamansa, na ɗauki abina."

"Kana jin ana cewa an yi sata, ka yi shiru?"

"Na ji an ce an saci takardun gwamnati. Har addu'a na yi Allah ya tona asirin ɓarawon. Ni tawa ta gona ce."

Wani daga cikin mutanen benci ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Habibu ya ce, "Baba, tunda ka samu abinka tun da safe, me ya hana ka tafiya?"

Dattijon ya dube shi kamar ya tambaye shi me ya sa ake wanke hannu kafin a ci tuwo. "In tafi ban yi wa mai gida sallama ba? A ce Nomau ya shiga gidan Lauya ya fita kamar ɓarawo?"

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Barista ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin jallabiya.

"Yallaɓai," in ji Al-Amin a hankali, "ko ma dai mene ne, an shiga ba izini. 'Yan sanda suna hanya."

"Al-Amin, jakar nan ta wa ce?"

"Tasa ce, amma..."

"Wa ya riƙe ta?"

"Kai ne, Yallaɓai."

"Ya zo karɓa?"

"Ya zo."

"Sau nawa?"

Al-Amin ya dubi wayarsa ta dama, ya dubi ta hagu.

Muryar Barista ta canja. Habibu bai taɓa jin ta haka ba, amma ya ga dattawan benci sun gyara zama, su sun san ta. "Ka kira 'yan sandan ka ce mun gode, ba a yi sata ba. Malam Nomau, ba a sallame ka ba. A nan za ka kwana. Litinin tare za mu shiga kotun, in rigar ta shige ni."

"In ba ta shiga ba ka rataya ta a kafaɗa, Lauya. Bakin muke so."

Sai Barista ya juya ga bango. "Falalu, an zalunce ka a gidana ina zaune. Ka yafe mini."

Falalu ya sauke kai. Habibu ya yi masa ido ya ce ya yafe a tashi, don shi a saninsa talaka in babba ya ba shi haƙuri, karɓa yake da hannu biyu kafin a canja shawara. Amma Falalu bai dube shi ba.

"Na yafe, ranka ya daɗe. Sai dai a nan ɗaki aka wanke ni. Ɓarawon kuwa a waje aka kira ni."

Habibu ya saci kallon Barista. Ya fara lissafin inda zai samo wa mutumin nan wani aikin.

Barista ya miƙe, ya zura takalmin gida, ya ce wa Bashir ya zare sakata. A waje masu gadi da direbobi da mai shayi sun yi cincirindo suna jiran motar 'yan sanda, wasu da butar alwala a hannu. Ya tsaya a tsakiyar titi cikin jallabiya, ya kamo hannun Falalu ya ɗaga. Mutumin da ya shekara takwas yana magana a lasifikar majalisa ya yi jawabin da bai kai minti biyu ba. Ya ce Falalu bai ɗauki komai ba. Ya ce ba a saci komai ba. Ya ce wani bawan Allah ne ya zo karɓar amanarsa, kuma in akwai wanda ya riƙe kayan mutane a gidan nan, to shi ne, Mahmudu.

Ya sauke hannun, yana haki kaɗan. "Ya isa?"

Falalu ya dubi taron, yana ƙirga fuskoki.

"Da saura, ranka ya daɗe. Masu gadin layin baya sun koma bakin aiki, ba su ji ba."

Barista ya dubi tsawon titin, ya dubi rana, ya dubi takalmin gidan da ke ƙafarsa. Sannan ya ce, "Mu je." Habibu ya bi su a baya, yana ɗingishi.